Daga Sifili Zuwa Uku

A hawa na huɗu, a asibitin unguwarmu a Valparaíso,
inda taga ke kallon jiragen ruwa,
Likita Maite ta turo mini takarda da biro.
"Tambaya bakwai ce, Anselmo.
Kowace ka ba ta maki, daga sifili zuwa uku."

A makonni biyun nan, sau nawa gabanka ya faɗi ba dalili?
Uku.
Sau nawa zama wuri ɗaya ya gagare ka?
Uku.
Na duba gaba, na duba baya,
ban ga layin da zan rubuta
cewa shekara goma sha ɗaya ke nan ina kwana da takalmi a ƙafa ba,
tun daren da ƙasa ta yi girgiza,
tangaran ɗin Rosaura suka zubo daga kanta
muka fita tsakar titi, ni da ita da yaro,
ƙafata tana jini ban sani ba.

Ta haɗa lissafi. Goma sha tara.
Na ce, "Na ci ko na faɗi?"
Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tsuke fuska ba.
"Wannan ma'auni ne kawai," ta ce,
"kamar sandar da masunta ke gwada zurfin ruwa.
Sanda ba ta san ruwan ba. Kai ka san shi."

Ni direban bas ne.
Na san kowace kwana a tudun nan,
na san inda birki ke kuka.
Amma babbar mota ta gifta, gilashi ya yi rawa,
sai hantar cikina ta kaɗa,
gumi ya tsattsafo, sitiyari ya yi santsi.
Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura.
Ni tsummana duk garin ne.

Kowace Talata, ƙarfe biyar.
Ta koya mini jan numfashi: huɗu ciki, shida waje.
Ta ba ni ɗan littafi mai layi biyu,
hagu abin da zuciya ta ce zai faru,
dama abin da ya faru.
Hagu: rufi zai rufto. Dama: maƙwabci ne ke jan kujera.
Hagu ta cika da mutuwa kala-kala.
Dama, kujera, iska, kare, kujera.

Mako na shida ta ce in cire takalmi ɗaya.
Ɗaya tak.
Na kwana ƙafar hagu a waje kamar baƙuwa,
ido biyu har jiragen asuba suka yi kuka.
Mako na bakwai na mayar da shi. Na gaya mata.
Ta ce, "To. Mu sake."

Jiya ta sake turo takardar.
Goma sha ɗaya.
Ba sifili ba ne, na sani,
ƙasar nan kuwa ba ta yi alkawarin zama lafiya ba.

Cikin dare fitilar ɗaki ta ɗan yi lilo.
Na ji ta. Huɗu ciki, shida waje.
Rosaura ta miƙo ƙafarta cikin bargo
ta taɓa tawa, fata da fata,
ta ce, "Kai, ƙafarka sanyi,"
ta koma barci.