Inda Sifana Ba Ta Shiga

Daren Laraba na ba ta aikin,
a ofishinmu na sama, bayan kasuwar Samaru,
janareto yana tari a ƙarƙashin bene.
Rufin sito ne, na wani mai hatsi a Ɗan Magaji.
Kafin shayina ya huce
manhajar ta jera ƙarafa talatin da biyu a allo,
shuɗi da rawaya, ba wanda ya taka ɗan'uwansa,
kowane noti da lambarsa.
Na buga takarda goma sha tara
na kwanta ina jin kaina.

Da hantsi na kai wa Baba Jatau a Muciya.
Ya shimfiɗa zanen a kan durom,
ya danne shi da guntun rodi,
ya ture baƙin tabarau zuwa goshi,
ya yi shiru, irin na likita in ya ga abin da bai so ba.

Injiniya Zulai, miƙo min alli.

Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.
Ya zana mahaɗa ta goma sha huɗu a kan siminti,
daidai girmanta, ba ragi.
Ya ɗauko sifana ya aza a kai.
Ga noti, in ji shi. Ga bakin sifana.
To ta ina hannuna zai bi?

Na ce lissafi ya yarda, Baba.
Ya ce ba lissafi ne zai hau tsani da azahar ba,
ƙarfe na ƙuna, iska na kaɗa riga,
yaro a ƙasa yana ihu wai a yi sauri.

Daga nan ya shiga karanta min abin da ba ta sani ba.
Farantin da ta kira milimita goma,
a rasit ɗin Sabon Gari goma ne,
a bakin ma'auni tara da ɗoriya.
Ginshiƙin da Sallau birkila ya zuba ranar da aka yi ruwa
ya karkata gabas da yatsa biyu,
ita kuwa tana ganinsa tsaye kamar liman.
Ta nemi ƙarfe mai mita goma sha huɗu, guda, ba gami.
Wa zai sayar? In an samu ma,
motar Dogara ba ta iya shan kwanar masallacin nan da shi.
Walda kuma in ta yi zafi tana jan ƙarfe,
ya lanƙwashe kamar fatar da aka manta a rana.

Ban ga laifinta ba.
Huda dubu uku ta ƙirga ba ta yi hamma ba,
ni da na kai ɗari biyu ido zai fara yaudarata.
Ta ce ba karo, kuma gaskiya ta faɗa:
ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba.
Hannun mutum ne babu a jerin kayanta.
Tartsatsi bai taɓa faɗa mata a takalmi ba.

Na ɗauki hoton zanen alli da wayata
kafin yaran shago su tattake shi.
Da dare na matsar da notin, milimita arba'in kacal.
Ta sake zana komai cikin ƙiftawar ido,
ba ta tambaye ni dalili ba,
ba ta ji kunya ba. Ni na ji mana, mu biyu.

Yanzu siton na tsaye, cike da masara.
In ka shiga, ɗaga kai, ƙirga daga ƙofa.
A mahaɗa ta goma sha huɗu akwai wani ɗan fili,
ba shi da lamba, ba a biya kuɗinsa ba,
faɗinsa daidai dunƙulen hannun wani tsoho.