Wankin Kuza

Biyar saura kwata, Gangare na barci.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ba sallama.
Na ja bargo kafaɗa, na kunna 'yar fitilar caji,
na buɗe littafin da na saya a Taminus.
Shafi fari fat ya zuba mini ido
kamar mai bin bashi da ya san ina ciki.

Wata bakwai ina cewa "ina ɗan taɓa rubutu"
da muryar wanda ya taka ƙafar babba.
In aka matsa, sai in sosa ƙeya,
in ce akwai aikin da nake jira a sakatariya.

Na farko da na aika, shiru.
Na biyu, shiru, kamar an aiki bawa garinsu.
Na shida ne ya dawo da layi ɗaya tak:
"Mun gode, bai dace da mu ba."
Na yi ta maimaita shi a rumfar cajin Nanret
har ta ɗago kai ta ce, "Wa ya rasu?"

Kakana Mato ya yi wankin kuza a Bukur.
Yakan ce: kwano ɗari na laka za ka ɗauko,
ka tsaya a ruwa har ƙafa ta daina jin kanta,
ka juya, ka zubar,
ka juya, ka zubar.
Abin da ya saura a gindin ƙwarya,
baƙi, mai nauyi, bai cika tafi ba,
shi ne kuɗin. Sauran na rafi ne.
Ban gane shi ba sai ranar da na soke shafi uku
na bar layi huɗu, suka tsaya da ƙafarsu.

Tun daga nan na ɗaura wa kaina doka:
kalma ɗari biyar kafin in ɗora ruwan shayi.
Waya tana aljihun riga, rigar tana bayan ƙofa,
ta yi ta kukanta.
Ranar da kai ya bushe ma ina zama,
ko kwatancen akuyar maƙwabta ne, sai na cika shafi.
In na gama, in karanta da ƙarfi;
duk inda harshe ya yi tuntuɓe, akwai dutse a wurin.
Laraba ranar aikawa ce, ko ana ƙanƙara.
Na karya dokar sau da yawa, ban ɓoye ba.
Kashegari in dawo, ba tare da zagin kaina ba.

Alhaji Sabi'u mai dankali a Farin Gada
shi ya fara ba ni aikin tallar buhunansa.
Ya ce nawa? Na ce duk abin da ya sauƙaƙa.
Katin waya ya sauƙaƙa.
Na ci wannan kunyar ni kaɗai, ba ruwa.
Da ya sake kira, na faɗi kuɗina,
na ɗinke baki, na bar shirun ya yi ciniki.
Zuciyata na dakan sakwara,
amma ban ce "ko a rage" ba.
Ya biya. Na kai masa aikin tun kafin ranar da muka yi.

Jiya a keke, wajen gadar Dilimi,
direba ya ce, "Malam, wace sana'a?"
Na ce, "Rubutu." Ban ƙara "ɗan" ba.
Ya leƙo ta madubi: "Na sha?"
Na ce, "A'a, na ci ne."
Ya yi dariya har ya kusa wuce kwanarmu.

Yanzu biyar ta gota.
Ladan ya gyara murya a masallacin ƙasa.
Ruwan da sanyi, Kaka,
ƙafata ta fara mutuwa.
Miƙo ƙwaryar.