Mai Hali

Ran addu'ar bakwai, da mutane suka watse,
Malam Sahabi ya buɗe littafi a kan gwiwarsa,
ya ce a faɗo abin da Arzika ya bari.

Aka faɗo.
Kwalekwale ɗaya mai faci biyu a ciki.
Taru, rabinsa ɗinki ne.
Injin ban-ruwa da ba ya tashi sai an zage shi.
Buhun albasa goma sha ɗaya a rumfa,
da fili a bakin Kwara, kadada biyu,
in da rani ne.
Da damina kuwa, Malam, sai ka tambayi kogi.

Malam ya ɗago kai: to, na wane ne?
Nomau ya ce namu ne, akwai takarda
da hatimin hakimi, tana cikin gwangwani.
Inna Tumba, daga bayan zana,
ta ce ruwa bai iya karatu ba.

Duk faɗin Yelwa ba wanda ya taɓa kiran Baba mai hali.
Mai hali shi ne wanda ke zuwa da mota
ya taya albasa tun tana ƙasa,
ya biya rabi, ya tafi.
Baba kuwa, in ya mai da wa ɗan kasuwa canjin da ya yi yawa,
ko ya ƙi gaida wanda ya ci iyakar gona,
sai a girgiza kai a ce halinsa ke nan.
Kalma ɗaya ce, ko wasali bai motsa ba,
ɗaya ana ƙirga ta da yatsa da miyau,
ɗayar kuma na ɗauka
tare muka rufe su ranar Laraba.

Nomau ya ɗauki jirgi.
Ige ta karɓi rabonta a albasa, tana kuka,
ta ce albasar ce.
Ni aka turo mini injin,
ni da na bar gona na kama keken ɗinki,
ni da yake nunawa da haɓa yana cewa
albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Malam ya ja layi, ya rufe littafi.
Bai rubuta gyaran muryar nan ba
da na yi a kasuwa kafin in faɗi farashi,
har mai ƙosai ta saki matsami a cikin mai
ta ce wallahi ta ɗauka shi ne.
Bai rubuta yadda ƙafata ta hagu ke jan ƙasa ba.
Bai ji ni da asuba ba, igiya a hannu,
ina zagin injin da kalmomin da ban san na haddace ba,
bi da bi, har ya tashi.

Wannan gadon ba a tambaye ni ko ina so ba.
Ba a fidda masa zakka,
ba dillalin da zai taya,
ba na iya ba Nomau ko da sulusi
in ce rage mini nauyi.
Gishiri bai mallaki ramin da aka haƙo shi ba,
amma ɗanɗanon nasa ne,
ko alƙali ba ya ƙwacewa.

Da ruwa ya cika bana
muka je duba fili.
Babu fili. Sai kan wata giyayya
da carakke ke lilo a kai.
Nomau ya fito da gwangwani, ya rasa wa zai nuna wa.

Na tsaya, hannuwa a baya,
na yi gyaran murya,
na ce mai abu ya zo karɓar aronsa,
zai dawo mana da shi in ya gama.

Nomau ya juyo a firgice.
Ya daɗe yana dubana,
sannan ya mai da gwangwanin aljihu.