Abin da Sikeli Ya Sani

Ka zo da jaka, da biro, da farar takarda,
kana tambaya me Maraɗi ta tara.
Zauna bisa buhun nan, baƙo.
Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da sikeli,
ban iya auna magana ba, sai kaya.

Abin da kake zaune a kai aya ce.
Jiya da la'asar amalanke ya sauke ta,
da ƙasar gona a jikinta.
Gobe babbar mota za ta kwashe,
ta bi ta Ɗan Isa, ta wuce Jibiya,
wani can ya wanke, ya niƙa, ya ɗura a kwalba,
ya raɗa mata sunan da ba mu sani ba,
ta dawo mana baƙuwa, tana yanga,
mu saya da tsada.
Tsakanin fitarta da dawowarta
akwai rami, kuma kuɗi ne cike da shi.

Ka ga akuyar can mai satar harawa,
ja wur kamar garwashi?
Kada ka jefe ta.
Tagwaye take zubawa, ba ta raina ciyawa,
ita ta biya wa ɗana kuɗin makaranta.
Tsahiru majemi yakan shafa fatarta, ya girgiza kai:
ɗanya take fita, gishiri kawai muka sa mata,
takalmin da aka yi da ita
ba ya ko gaishe mu in ya zo wucewa.

Bayan masallacin can gidan Barira ne.
Kafin ladan ya gyara murya ta hura wuta,
su goma sha biyu suna matsar gujiya
har jijiyar hannu ta miƙe.
Mansu ba ya kwana, ƙuli-ƙulinsu ba ya kai azahar.
Ba sadaka take nema ba, ta ce in faɗa maka,
inji ɗaya take so, da wanda zai yarda a raba riba.

In ka samu hali ka gangara Jiratawa da rani,
ka ga kore a lokacin da duniya ta bushe:
zogale, albasa, tattasai,
tumatir har kwando ya yi kuka.
Ranar da kasuwa ta cika
rabinsa a nan yake narkewa, ƙuda su yi biki.
Ga rana kuwa tana zuba kyauta a kanmu,
an ce akwai farantin da ke mai da ita sanyi.

Ba zan shafa maka zuma a baki ba.
Wuta takan ɗauke ana tsakiyar aiki.
Iyaka takan rufe ba sallama,
wake ya kwana wata uku yana jiran hanya.
Damina ma takan yi fushi.
Na ga wanda ya zo da gaggawa
ya koma da jaka ba nauyi.

Amma na ga Lawali da tiren ashana a ka,
yau sito huɗu gare shi,
har yanzu da kansa yake ɗinke bakin buhu.
A nan ana ba da kayan miliyan a kan magana,
a sha shayi, a watse,
ranar biya mutum ya zo tun ba a kira shi ba.
Wannan sikelina bai taɓa iya ɗaukarsa ba.

To, rufe takardar, ka sha ruwa.
Sai dai ka ɗan tashi, baƙo, ka yi haƙuri:
buhun da kake zaune a kai,
tun muna gaisawa aka saye shi.