Lalo a Bakin Dogo

Da na sauka Rigasa akwatina biyu,
ɗaya tufafi, ɗaya takardun aiki.
Ban zo da tukunya ba, ban zo da hannun uwata ba.
Shekara arba'in ina ci a Mansura,
ban taɓa tambayar kuɗin albasa ba.

Ranar farko a Bakin Dogo
na ce a ba ni kilon shinkafa.
Mai awo ya dube ni, ya dubi kwanonsa,
ya ce, "Balarabe, nan mudu muka sani."
Ya faɗi kuɗi, na ƙirga na miƙa,
har ɗan dako ya riƙe baki.
Da dare Ɗanjummai maƙwabcina ya ce,
"Kai, wa ke biya da faɗin farko?
Ka taya, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi.
In ya sallama, ka ce gyara."
Gyara.
Kalmar da na fara mallaka ke nan a ƙasar nan,
ta riga sannu zama a bakina.

Attarugu na zaci ƙanen tattasai ne,
takwas na jajjaga a miya ɗaya.
Daren nan na kira kowa na gidanmu,
har kakata da ta riga mu gidan gaskiya.

Shinkafar ta zo da tsakuwarta,
turmin haƙorina na dama ne shaida.
Sai aka aiko Ummita da ƙwarya,
'yar shekara tara ta koya wa injiniya regaya.
Ita ce ta ce, "Baba Midhat,
in ka ga wake fes, ko ƙwaro ɗaya babu,
ka tambayi kanka me ya kori ƙwaron."

Nama na tara a firji, na mako guda.
Aka ɗauke wuta Laraba,
ba ta waiwayo Malali ba sai Asabar.
Na buɗe, na rufe, na yi salati.
Yanzu da sassafe nake zuwa wurin Tanimu mahauci,
kafin ƙuda su yi masa sallama,
in yanki na yau, gobe ta Allah ce.

Latas kuwa, kore shar kamar bai san laifi ba,
shi ya kwantar da ni kwana biyar,
ƙarin ruwa leda shida.
Tun daga nan gishiri da ruwan kal,
wanki uku, ina ƙirgawa kamar alwala,
ruwan mai garuwa kuma sai ya tafasa
kafin mu gaisa.

Wata bakwai ina cigiyar mulukhiyya.
Na faɗi sunan a Kawo, na faɗa a Kasuwar Barci,
wani ya nuna mini shagon turare.
Ran nan, yayyafi na sauka,
na ga wata tsohuwa, Iya Tabawa,
ta baza ganye a kan buhu, gefen dogo.
Na tsuguna. Na murza ɗaya. Yauƙi.
Na ce, "Wannan fa?"
Ta ce, "Lalo mana. Kashi nawa?"
Ban taya ba. Ban ce gyara ba.
Ita ta ƙara da kanta, da ta ga idona.

Babu zomo, na sa zabo.
Na soya tafarnuwa har ta yi ja,
da zan juye ta a tukunya
na ja numfashi da ƙarfi yadda uwata ke yi,
ni kaɗai a kicin, ba mai ji.

Na zuba a kwano na aika maƙwabta.
Kwanon ya dawo a wanke, da tuwo malmala biyu,
da saƙo a bakin Ummita:
"An ce ta yi daɗi, Allah ya ƙara,
amma wai ina daddawar?"