Farin Ido a Mai Wurno

Kafin in tambayi suna
nakan ja fatar ido ƙasa.
Ja nake nema.
Yau sau uku fari yana gaishe ni.

Tasalla ce ta fara shigowa,
mai shayin bakin tasha, ciki wata bakwai.
Wai gangaren kogi ya ƙara tsawo bana.
Da na matsa mata, ta sunkuyar da kai:
ƙasar bango take ɓantara, tana ci a ɓoye.
Na ce ba taɓin hankali ba ne,
jini ne ke roƙon ƙarfe.
Ga ƙwaya, ki kora da lemon tsami,
bayan gida zai yi baƙi, kar ki tsorata,
shayi kuwa sai abinci ya daɗe da sauka.
Ta ce, "Mai shayi za a hana wa shayi?"

Sai Mudi, ɗan shekara biyu,
nonon akuya ya cika masa ciki,
ba wurin wake, ba wurin kifi,
tafin hannu fari fat kamar kisira.
Nasa na ɗigawa ne.

Malam Jatau ne ya tsaya mini a rai.
Saba'in da ɗoriya, farce ya lotsa kamar cokali.
Ba ciki, ba shayarwa, girma ya ƙare,
to ta ina tulun ke yoyo?
Na rubuta masa takardar Sinnar, a duba hanji.
Ya ninke ta, ya cusa a hula.

Da magariba, na rufe ɗakin,
na tsaya gaban madubi,
na ja tawa fatar.