Hanta da Jini

Ƙarfe biyun dare a Shika.
Janareta na gurnani a bayan gini.
Ni kaɗai, sai firiji, sai kwalabe goma sha bakwai
a jere cikin tire, kamar sahun da bai cika ba.

Ba ma duban suna. Haka aka koya mana:
lamba ta isa, jinin kwalba ba shi da dangi.
Amma a ta goma sha ɗaya nas ta danna biro da ƙarfi,
idona ya faɗa kafin in kawar:
Tanimu Jatau, sittin da uku, Sabon Gari.
Na sha jinin jikina,
alhali nasa ne a hannuna.

Baba Tanimu na reluwe.
Shi ya riƙe mini sirdin keke a filin tasha,
ya saki bai faɗa ba,
sai da na kai bakin dogo na waiwayo
na hango shi can nesa yana tafi.
Shi ya biya kuɗin jarrabawata
shekarar da aiki ya kuɓuce wa mahaifinmu.
Kullum bakinsa ƙamshin kanumfari,
muna yara muna cewa tsafta ce.

Na sa kwalbar a injin juyi.
Minti goma tana hajijiya.
Ja ya kwanta, ruwa ya taso,
rawaya fiye da kima, kamar an jiƙa gangamau.

A takardar likita an rubuta: ba ya sha.
Na san yadda ya faɗa,
hula a gwiwa, murya ƙasa-ƙasa,
"Ni? Sai dai shayi, ɗana."
Baki yana da kunya,
jini bai san ta ba.

Ba kofin jiya yake kawo ƙara ba,
wannan ya bi fitsari tun kafin azahar.
Sawu yake nunawa,
irin wanda ƙafa ke yi a gona
in ta bi wuri ɗaya shekara da shekaru.
Na leƙa madubi:
ƙwayoyin sun kumbura
kamar waken da ya kwana a ruwa.
Sinadarin hanta ya haura ninki shida.

Na nema masa uzuri.
Wani magani kan ɗaga shi, kitse ma haka,
ko injin ne ya gaji, mu ma mun gaji.
Na wanke, na daidaita, na sake.
Lambar ta dawo inda take ta tsaya
kamar mai bin bashi a ƙofar gida.

Ana cewa wane da wane hanta da jini ne,
wai ba mai jin kansu.
Ga shi yau jini ya kai tsegumin hanta
wurin yaron da ya koyi keke.

Yaushe ka fara, Baba?
Da jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta ci dogo?
Ko da muka kai Iya Laraba makwanci
ka dawo ka rufe ɗaki kwana tara?
Injin bai auna wannan.
Babu kwalbar da aka yi dominsa.

Na rubuta lambobin da hannun da bai karkata ba.
Ban rage ko ɗigo ba,
don ragin da zan yi maka
shi zai hana a duba ka.
Na sa hannu. Na liƙe ambulan.
Abin da na gani amana ce,
ko mahaifina ba zai ji a bakina ba.

Asuba ta yi. Na cire safa, na wanke hannu sau biyu.
A Kwangila na tsaya sayen ƙosai, na kasa ci.

Ran Juma'a zan zo gaishe ka kamar kullum.
Za ka miƙo kanumfari, zan karɓa.
Ba zan ce komai ba,
sai dai wannan karon zan daɗe a zaune,
ni zan riƙe sirdin,
kuma ba zan saki ba.